Mai Tsara Taku: Sana'ar da Ba a Rubuta Sunan Mai Ita

Ƙasar da ta haɗa Bakura, Maradun da Talata Mafara ba baƙuwar kiɗa ba ce. A nan Musa Ɗanƙwairo ya tashi, a nan Sa'idu Faru ya buga kotsonsa, kuma har yau dattijo a Damaga zai lissafo maka waƙoƙinsu da sarakunan da aka yi wa su. Amma tambayi saurayin da ke kwaikwayon rawar bidiyo a gidan biki wa ya ƙirƙiro takun da yake yi. Sunan mawaƙi zai ba ka, ko na jarumin fim. Wanda ya zauna ya ƙirga takun, ba wanda ya san shi.

Rawar da ake kira hip-hop ta samo tushe a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, a tarukan kiɗa irin wanda DJ Kool Herc ya fara a 1973, inda yake tsawaita wurin da ganga ke tafiya ita kaɗai don masu rawa su baje kolinsu. Ta shigo mana ta kaset ɗin bidiyo, ta tarar da rawar fina-finan Indiya ta riga ta zauna daram, sai masu fim na Kano suka gauraya su da kiɗan fiyano.

Aikin tsara taku ba wasa ba ne. Mai tsarawa yakan saurari waƙa har ta zauna masa a ka, ya yanka ta gida-gida, kowane gida bugu takwas. Sai ya jera 'yan rawa a tsakar gida ko filin makaranta, yana tafi yana ƙirge: a na uku kafaɗa ta faɗi, a na biyar a juya, a na takwas kowa ya dire ƙafar hagu tare. Mutum ɗaya ya makara da rabin bugu, a koma farko. Dole kuma ya san inda kyamara za ta tsaya, domin juyin da ya yi kyau a ido yakan mutu a hoto. Wuni guda na atisaye yakan ƙare a minti ɗaya na bidiyo.

A Kannywood, galibi jarumi ne ya ɗauki wannan nauyi ba tare da an kira shi da sunan sana'ar ba. Sani Danja, wanda suka kafa kamfanin 2 Effects da Yakubu Muhammad, da rawa ya fara jan hankalin 'yan kallo. Adam A. Zango kuwa shi ne ya fi kusantar salon hip-hop, a taku da sutura, kuma shi ya ɗanɗana kuɗar abin. A 2007, lokacin da Abubakar Rabo ke shugabantar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, kotu ta yanke masa ɗaurin wata uku da tarar Naira 100,000 a kan faifan bidiyonsa Bahaushiya. A Zamfara, inda Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, ai ba sai an yi bayanin irin takatsantsan da mai wannan sana'a zai yi ba.

Ina ganin kiyaye mutunci a sutura da motsi wajibi ne, kuma gwanin tsarawa ya fi kowa iya kiyaye shi, don shi ne ke da wasu takun da zai maye gurbin wanda bai dace ba. Abin da ke ci mini rai shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Legas, Kafayat Shafau, wadda aka fi sani da Kaffy, ta jagoranci tawagarta suka shiga kundin Guinness a 2006 da rawar sama da awa 55, ta kafa kamfanin Imagneto, ta yi aiki da mawaƙan P-Square, ana kiranta da sunan sana'arta ana biyanta a kai. A 2024 rawar breaking, wani reshe na hip-hop, ta shiga wasannin Olamfik a birnin Faris. Mu a nan, yaron da ya koya wa mutum goma taku a Mafara sau da yawa kuɗin mashin kawai ake miƙa masa, kuma in bidiyon ya fito a TikTok, sunan mawaƙi da na mai ɗaukar hoto ne a ƙasa.