Ƙauyukan Gasar iGEM: Ina Za A Ajiye Bakteriya Mai Ƙanshin Ayaba?

A shekarar 2006 wasu ɗaliban jami'ar MIT da ke Amurka suka gaji da warin bakteriyar E. coli da ake rainonta a ɗakin gwaji, don kuwa ɗoyi gare ta kamar na masai. Sai suka dasa mata wasu ƙwayoyin gado, tana cikin girma ta riƙa fitar da ƙanshi irin na minti, in ta gama girma kuma ta koma ƙanshin ayaba. Aikin da suka kai gasar iGEM ke nan, inda ɗalibai ke harhaɗa guntayen DNA kamar mai jera bulo, su sa ƙwayar halitta ta yi abin da ba ta saba ba.

Gasar ta samo asali ne daga wani darasi a MIT a 2003. A 2004 ƙungiyoyi biyar kacal suka fafata, ba a buƙatar wani rabe-rabe. Yanzu ɗaruruwa ke zuwa, babban taron ma ya koma Paris tun 2022, don haka dole kowace ƙungiya ta zaɓi rukuninta. A ƴan shekarun nan "ƙauyuka" ake kiran rukunonin: akwai na noma, na gano cuta, na cutar kansa, na tsabtace muhalli, har da na kayan kwalliya da na sararin samaniya. Akwai kuma ƙauyen masu ƙera kayan aikin da ake yin binciken da su, waɗanda ba a cika yi wa tafi ba, alhali da su kowa ke cin abinci.

A ganina, wajen zaɓen nan ake gane ɗalibin da ya san wa yake yi wa aiki. Dubi ƴan jami'ar Edinburgh, su ma a 2006. Bakteriya suka shirya wadda in ta ci karo da gubar arsenik a ruwa, sai tsamin ruwan ya sauya yadda za a iya aunawa cikin sauƙi. Rijiyoyin Bangladesh ne a ransu, inda miliyoyin mutane ke shan wannan guba ba su sani ba. To, a yau wane ƙauye za su shiga, na muhalli ko na gano cuta? A na muhalli, alƙalai za su tambayi me zai faru in bakteriyar ta tsere cikin ruwa. A na gano cuta kuwa tambayar ita ce sau nawa gwajin zai ce rijiya lafiya lau take, alhali akwai guba a cikinta.