Ciwon Tsoka Wanda Ba Na Gajiya Ba Ne

Mai gida, kowa ya san gajiyar noma. In ka yini kana huɗa jiki zai yi tsami, amma ka kwana biyu kana hutawa sai ya sake. Akwai wani ciwon jiki dabam wanda hutu ba ya korarsa. Mutum ya kan tashi da safe tsokokinsa a ɗaure, sha-raɓa ta riƙa murɗa masa da dare, in ya tsuguna ba ya iya miƙewa sai ya dafa ƙasa. Mace kuwa ta kan kasa ɗaga tulu zuwa kai, ko taɓarya ta yi mata nauyi. Galibi a cinya da kafaɗa abin ya ke farawa. Mutane su kan ce sanyi ne, su kai mai ciwon wurin wanzami a yi masa ƙaho. Sau da yawa kuwa tushen cutar yana a wuya.

A gaban wuyanka, ƙasa da zakaran wuya, akwai wani ɗan nama mai siffar malam-buɗe-littafi. Likitoci suna kiransa tayirod. Shi ne kan kumbura ya zama maƙoƙo. Aikinsa shi ne ya zuba wani sinadari cikin jini, sunansa tayiroksin, wanda ke iza wutar jiki. In sinadarin nan ya yi kaɗan, kome na jiki sai ya yi sanyi. Mutum ya riƙa jin ɗari alhali kowa na gumi, fata ta bushe, fuska ta kumbura, murya ta dushe, ciki ya ɗaure, barci ya yi yawa. Ya fi kama mata, musamman bayan haihuwa da lokacin da shekaru suka ja. Ka lura, tayirod yana iya raunana ba tare da wuya ya kumbura ba.

Tsoka ma da wutar nan ta ke aiki. In ta rasa ta, sai ta yi nawar ɗaurewa da sakewa, ta raunana. Cikin tsoka akwai wani sinadari da a ke kira CK. Wurin zamansa ke nan, kaɗan ne kawai ke shiga jini. Amma sa'ad da tsoka ta jigata sai ya yoyo kamar ruwa daga tsagaggen tulu, jikin da ya yi sanyi kuma ba ya saurin share shi. Saboda haka in an auna jini sai a tarar ya hau. Wani lokaci tsokar har girma ta kan yi, mutum ya zama kamar ɗan kokawa, ga shi kuwa ba ƙarfi. Wani likita Bajamushe, Hoffmann, shi ya bayyana wannan a 1897.

Hawan CK shi kaɗai bai nuna laifin tayirod ba. Aiki mai tsanani yana ɗaga shi, haka allurar da aka yi a tsoka, haka ƙwayoyin rage kitsen jini da a ke kira statin. Don haka ka gaya wa likita duk maganin da ka ke sha, da allurar da aka yi maka kwanan nan, kada ka ɓoye. Shi zai sa a yi wani awon jini mai suna TSH. In ya hau, tayiroksin kuma ya sauka, an gano ɓarawon.

Maganin ƙwaya ce ƙarama, sunanta levothyroxine. A kan sha ta sau ɗaya kullum da sassafe, da ruwa zalla, a dakata rabin sa'a kafin koko ko shayi. Mai shan ƙwayar ƙarin jini ta raba tsakaninsu da sa'a 4. Bayan mako 6 zuwa 8 a koma a sake awo. CK ya kan sauka cikin makonni, amma ƙarfin cinya yana iya ɗaukar watanni, sai haƙuri. Yawancin masu cutar za su sha ƙwayar muddin rai. Babban kuskure shi ne mutum ya ji sauƙi ya daina, ciwon kuwa zai komo. Mace mai shanta in ta sami ciki kada ta bari. Ta hanzarta zuwa asibiti, don galibi ƙara mata a ke yi.

Tayirod ba ya iya yin sinadarinsa sai da aidin. Shi ya sa tun 1993 Gwamnatin Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci. Uwargida ta sayi na leda mai shaidar aidin, ta ajiye shi a rufe, nesa da rana da laima. Rogo kuma a jiƙa shi sosai kafin a ci, don wanda bai jiƙu ba yana hana aidin aiki. Sai dai gishiri rigakafi ne. Wanda jikinsa da kansa ya lalata masa tayirod, ko aka yanke masa shi a aikin maƙoƙo, gishiri ba zai warkar da shi ba.

Ƙwayoyin kashe zafi na kasuwa ba sa taɓa tushen ciwon, yawan shansu kuma yana cin ciki da ƙoda. In ciwon tsoka ya tsananta har fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ko ya ragu ƙwarai, ƙoda na cikin haɗari. A ɗauki mai ciwon zuwa asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa.