Yaron Banki Ba Shi Ne Banki Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar ta ma'aikatan ƙananan bankuna ce, waɗanda jama'a ke kira "yaran banki", masu yawo a kan babur da jaka a rataye suna karɓar kuɗin ajiya da na bashi. Ni ma ɗaya ne daga cikinsu. Shekara biyar na yi a wannan aiki, daga 2014 zuwa 2019, a ƙauyukanmu na Dambatta da Makoɗa har gefen Kunci. Ba zan ambaci sunan bankin ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba.

Manyanmu za su tuna People's Bank, bankin da gwamnatin Janar Babangida ta kafa wa talaka a 1989, da kuma bankunan al'umma da suka biyo baya, waɗanda aka buɗe na farkonsu a Tudun Wadar Kaduna a ƙarshen 1990. A 2005 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sabon tsari, ya ba bankunan al'umma wa'adin ƙarshen 2007 su rikiɗe su koma ƙananan bankunan ba da rance. Suna ya canza, amma jarin irin wannan banki bai canza ba. Talaka ba shi da takardar fili da zai jinginar, sai sanayya da kunya. Shi ya sa ɗan gari ake nema a ɗauka aiki.

Ranar da aka yi mini tambayoyin ɗaukar aiki, ko kallon takardar difilomata ba a yi ba. Abin da manaja ya tambaye ni shi ne, "Kai ɗan wane gida ne? Dagatai nawa suka san mahaifinka?" Na yi ta murna, ina ganin an girmama gidanmu. Ashe mutuncin gidan aka ɗauka aiki, ni ɗan rakiya ne.

To, ga yadda aikin yake. Kowace Litinin da sassafe akwai taro. Akwai allo a bango da sunan kowa, da adadin kuɗin da aka yanka masa ya kawo, da sababbin asusun da zai buɗe. Wanda ya gaza, a miƙar da shi tsaye a gaban 'yan'uwansa kamar ɗan firamare. In ka ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan sai kaka suke da kuɗi," sai a ce, "Banki bai san kaka ba." Wallahi wannan kalma na ji ta ya fi a ƙirga.

Kuma a nan ne gizo ke saƙar. Tsarin biyan bashi mako-mako an yi shi ne don ɗan kasuwar birni, irin na Kantin Kwari ko Sabon Gari, wanda kullum yake ciniki. Mu kuwa a nan arewacin Kano kowa ya san yadda muke. Gonaki ƙanana, a matse da juna, ba a barin su su huta ko shekara ɗaya, sai da taki suke ba da amfani. Manomi zai karɓi rance a watan Yuni ya sayi takin zamani. Gero ba zai nuna ba sai wajen Satumba, dawa kuwa sai Nuwamba. Amma mako biyu da karɓar kuɗi an turo ni ƙofar gidansa. Cikin Agusta, ana tsakiyar marka, rumbu ya yi ƙasa, ina zai samo? Sai ya ja akuyar matarsa zuwa kasuwar Dambatta ranar Lahadi, ya karyar, don ya sallame ni ranar Litinin. Akuyar da kashinta ne takin gonar baɗi! Haba jama'a, wannan taimako ne?

In kuma bai biya ba, ni ne a ciki. A ƙarshen wata sai ka ga an zaftare albashinka, an ce bashin da ka kawo ya lalace. Albashin ma naira 25,000 ne lokacin da na fara, kuma man babur da gyaransa a ciki. Idan kuɗi ya yi giɓi a jaka, ko da jabun takarda aka cusa maka a hayaniyar kasuwa, kai za ka cika. Ka dawo da kuɗin mutane bayan magariba ta hanyar da ba kowa, ba ɗan sanda, ba inshora, sai addu'ar uwa. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba wa ma'aikaci kashi 10 cikin 100, shi kuma ma'aikaci kashi 8. Mu da aka kira "ma'aikatan kwantiragi" ko asusun ba a buɗe mana ba, shekara biyar ana sabunta mana takardar wata shida-shida.

'Yan'uwanmu mata sun fi mu shan wuya. Da yake namiji ba ya shiga gidan matan aure, su ake turawa wajen masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da dakau, waɗanda aka haɗa rukuni-rukuni suna lamunin juna. Mace ɗaya ta kasa biya, sai a tsare sauran, zumuncin shekaru ya watse a kan naira dubu biyu, zagin kuma a kan yarinyar banki yake ƙarewa.

Gaskiya ɗaya ce, ba na ce manajojin nan mugaye ba ne tun asali. Na taɓa jin ana yi wa namu tsawa ta waya daga hedikwata, yana "to, ranka ya daɗe" kamar yadda muke yi masa. Ya ajiye waya ya juyo kanmu. Kuma a cikinmu ma akwai ɓata-gari, masu karɓar ajiyar tsohuwa su sa a aljihu, wasu don su toshe giɓin albashi, wasu kuwa tsabar son zuciya.

Saboda haka ina jan kunnen 'yan'uwana manoma da 'yan tireda. Duk wanda ya zo karɓar kuɗinku, ko ɗan cikinku ne, ya rubuta a katinku ya sa hannu a gabanku, kuma lokaci-lokaci ku taka zuwa ofis a duba muku ko ya shiga littafi. A 2010 Babban Banki ya soke lasisin ƙananan bankuna 224, a 2023 kuma ya soke na 179. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana biyan masu ajiya in banki ya rushe, kuma a 2024 ta ɗaga abin da take lamuncewa a irin waɗannan bankuna daga naira 200,000 zuwa miliyan 2. Amma abin da ke cikin littafin banki take biya, ba abin da ka danƙa wa yaro a bakin kasuwa ba.

Ina kuma kira ga masu waɗannan bankuna da su daidaita biyan bashin manomi da lokacin girbi, su daina cire bashin wani a albashin ma'aikaci. Ga Babban Banki, in masu bincikenku sun zo, kada su tsaya a ofishin manaja, su kira yaran babur su ji ta bakinsu. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, kafin ku sa hannu a takardar lamuni, ku tambayi ranar fara biya da yawan kuɗin ruwa.

Abin da ya raba ni da aikin shi ne wani tela, aminin mahaifina, wanda tun ina yaro shi ke ɗinka mana kayan Sallah. Ya yi jinya, ya tsallake biya huɗu. Aka ce in je in ɗauko kekensa na ɗinki. Na roƙa a jira shi zuwa azumi, lokacin da ɗinki ke kankama, aka ce ko keke ko takardar sallama. Na je, na durƙusa na gaishe shi, bakina ya kasa furta abin da ya kawo ni. Shi da kansa ya kwance kan keken ya ɗora mini a babur, ya ce, "Ɗauka, ɗana, aiko ka aka yi. Ka gaida mini Malam."

Mahaifina bai yi mini faɗa ba. Sai dai ya yi wata guda yana zagaye don kada ya bi ta ƙofar shagon. Bayan wata uku na ajiye aikin, na koma gona da 'yar tireda. Ranar da na je miƙa babur, na leƙa sito, ga keken can a jingine da wasu guda biyu, ba wanda ya saya, tsatsa ta fara cin sa.

Wassalam.

Tsohon ma'aikacin ƙaramin banki,
Ƙaramar Hukumar Dambatta,
Jihar Kano.