LIKITA KOLFF DA INJIN WANKE JINI

Ƙoda ita ce matatar jikin ɗan Adam. Ita ke tace dattin jini, ta fid da shi cikin fitsari. In ta daina aiki sai guba ta taru, mutum ya kumbura, ya suma, ya mutu. A da ko a Turai ba abin da likita ke iya yi.

Wanda ya fara samo dabarar da ta ci nasara shi ne Willem Kolff, wani likita mutumin Holan, wanda aka haifa cikin 1911. Sa'ad da ya ke aiki a asibitin Groningen ya ga wannan cuta ta kashe wani saurayi a gabansa. Sai ya yi tunani, tun da ƙoda tata ce aikinta, me zai hana a yi tatar a waje?

Cikin 1943, Jamus na riƙe da ƙasarsa, kayan aiki sun yi wuya, ya haɗa injinsa a garin Kampen. Ya sami doguwar fatar selofen, watau wadda mahautan Turai ke ɗura niƙaƙƙen nama, ya naɗe ta jikin gangar katako, gangar kuwa tana juyawa cikin ruwan gishiri. Jinin majinyaci ya bi cikin fatar, guba ta tsattsafo cikin ruwa, sa'an nan jinin ya koma jiki.

Waɗanda aka fara gwadawa a kansu, fiye da mutum goma, kusan duk suka rasu. Bai karaya ba. Cikin 1945 aka kawo wata tsohuwa mai shekara 67 a sume, injin ya farfaɗo da ita, har ta ƙara shekaru a duniya. Bayan yaƙi ya aika wa waɗansu asibitocin Ingila da Kanada da Amurka injunansa kyauta.

Ya koma Amurka cikin 1950, inda ya duƙufa kan ƙera zuciya. A Jami'ar Utah, cikin 1982, aka sa wa wani mutum zuciyar da ma'aikatansa suka ƙera, ya kwana 112 da ita. Kolff ya rasu cikin 2009.

Amma hakimai su lura, wankin ƙoda ba ya warkad da ƙodar da ta mutu ɗungum. Yawanci sau uku a ke yinsa kowane mako, ga tsada. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu kashe ta. Saboda haka wanda aka ga ƙafafunsa da fuskarsa na kumbura, a gaggauta kai shi asibiti tun da sauran dama.