FITINA: MA'ANARTA DA HAƊARINTA GA BAƘO

Jama'a, kalmar fitina kullum tana bakinmu, amma ba kowa ya san asalinta ba. Daga Larabci muka aro ta. Malamai sun ce tushenta shi ne sa zinariya a wuta don a rarrabe ta ƙwarai da ta jabu, watau jarrabawa. Daga baya aka kira rikicin da ya tashi tsakanin Musulmi bayan kisan Sayyidina Usmanu a shekarar 656 da sunan Fitina.

Mu Hausawa mun faɗaɗa ta. Yaro in ya dami uwarsa da kuka, sai ta ce ya cika fitina. Mai bin bashi in ya hana ka barci, ka ce ya fitine ka. Wanda ba ya zama wuri sai an yi faɗa, shi ne fitinanne. Ana ta da fitina, ana kuma kashe ta. Dubi yadda muke maganarta kamar wuta, ga shi kuwa daga wuta ta fito.

To, 'yan'uwanmu fatake da leburori da ke Al Quoz, unguwar masana'antu da ɗakunan ajiyar kaya a Dubai, ku saurara. Abin da a gida Sarkin Zango zai kashe da baki a zaure, a can shari'a ce. A watan Yuli 2024 wata kotu a Abu Dabi ta ɗaure mutanen Bangaladash 57 saboda zanga-zangar da suka yi a tituna kan gwamnatin ƙasarsu. Uku ɗaurin rai da rai, 53 shekara goma goma, ɗaya shekara 11. A watan Satumba shugaban ƙasar ya yafe musu, amma aka ba da umurni a mai da su gida. Aiki ya tafi, iyalai kuwa da aikin nan suke ci.

Saboda haka in gardamar kuɗin kaya ta taso, kada a taru a bakin titi ana ɗaga murya. A nemi dattijai biyu, a kawo rasit, a zauna cikin ɗaki. In abin ya gagara, a kai wa hukuma ƙara. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka, amma a baƙunci sau da yawa har maƙwabtansa sukan jiƙe.

Allah shi kiyashe mu da fitina, amin.