Gemun Auduga a Gaban Kyamara

Wanda ya san tashen watan azumi ya san wasan nan da yaro ke naɗa rawani, ya manna gemun auduga, ya rataya carbi ya rungumi allo, 'yan'uwansa na zarginsa da taka rawa yana musantawa, alhali ƙafarsa na bin kiɗan. Magidanta kan yi dariya su ba da hatsi ko 'yan kuɗi. Haka 'yan kama suka daɗe suna kwaikwayon muryar masu wa'azi, zancen kuwa duk na tuwo da miya. Al'umma ba ta ɗauki wannan izgili ga addini ba, domin ta gane abin da ake zolaya: kwaɗayi da riya, halayen da addinin kansa ya riga kowa tsawatarwa a kansu.

Wannan gadon ne finafinan barkwanci na Kano suka ɗauka, sai dai sun ɗauke shi a lokaci mai zafi. An ƙaddamar da shari'a a jihar a 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2002 marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro ya fito a fim ɗin Ibro Usama, ya mayar da Usama bin Ladan abin dariya, wasu malamai suka yi tir da shi. Ga alama rawani da gemun da suka gani sun ɗauke musu hankali daga tambayar da ta kamata: shin an taɓa aya, ko hadisi, ko ibada? Mutum dai mutum ne, kome tsawon gemunsa, kuma boka mai shigar malamai da ke karɓar ragon talaka ya fi ɗan wasa cutar da addini nesa ba kusa ba.

Masu adawa suna da hujja mai nauyi, bai kamata a raina ta ba. Tashe a ƙofar gida ake yinsa, tsakanin mutanen da suka san juna. Fim kuwa ba ya zama inda aka haife shi. Abin da aka ɗauka a Kano gobe yana wayar wani matashi a Garwa ko Figil, inda Hausa ke gogayya da Fulatanci da Faransanci, kuma Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya. A yanke minti guda daga fim, a raba shi da labarinsa, sai zolayar malamin ƙarya ta koma kamar cin fuskar malamai baki ɗaya.

Amma wannan hujja kira take ga marubuta su ƙware, su sa malamin kirki a gefen na ƙarya domin mai kallo ya ga bambancin da idonsa. Ba ta kai ga ɗauri ba. An ɗaure Ibro wata biyu a 2008 kan fim ɗin Ibro Aloko, ya fito, jama'a suka ci gaba da sayen finafinansa har rasuwarsa a Disambar 2014.