Ko Ka San Teriya, Ƙaramin Karen da Ke Bin Dabba Har Cikin Raminta?

A watan Janairun 1945, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka suna aikin wani filin jirgin sama a Lingayen, cikin tsibirin Luzon na ƙasar Filifins. Suna so su ratsa wayar sadarwa ta ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi, kuma babu mashiga sai wani bututu mai tsawon mita 21, faɗin bakinsa santimita 20 kacal, ga ƙasa ta toshe wani sashe nasa. In tono za a yi, sai an kwashe kwanaki, alhali abokan gaba na ruwan bama-bamai. Sai wani kofur mai suna William Wynne ya ɗaura wa 'yar karyarsa zare, ya ajiye ta a bakin bututun, ya zaga ɗaya bakin yana kiranta. Ta kutsa cikin duhu ta fito da zaren, da shi aka jawo wayar. Sunanta Smoky, nauyinta bai kai kilo biyu ba. Jinsinta Yorkshire ne, ɗaya daga cikin dangin karnukan da ake kira teriya.

Shiga rami gadonta ne. Manoman Ingila da Sikotilan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zaɓen ƙananan karnuka masu zafin nama, suna haɗa su barbara, don su sami wanda zai bi ɓera cikin rumbu, ya kuma bi yanyawa, irin jar nan ta ƙasar Turai mai ɗauke kaji da 'yan raguna, har ƙuryar raminta. A can ƙasa babu ubangida kusa da zai ba shi umarni, saboda haka aka so kare mai yanke shawara da kansa, mai yawan haushi don a ji inda yake daga sama, wanda ba ya ja da baya ko an cije shi. A Landan ta ƙarni na 19 har caca ake yi da wannan hali, caca mara daɗin gani. Wani ɗan teriya da ake kira Tiny ya kashe ɓeraye 200 cikin ƙasa da awa guda a 1848.

Duk wanda zai zaɓi teriya, daga nan ya kamata ya fara tunani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yau ana sayar da su a matsayin karnukan ado, ana ɗaura musu kyalle a ka, amma tono da haushi da bin duk abin da ya gifta da gudu suna nan cikin jininsu.

Wanda ya fi riƙe wannan gado shi ne Jack Russell. Sunan wani limamin coci ne a yankin Devon, John Russell, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883, mutum mai tsananin son farauta. Tun yana ɗalibi a Oxford, a 1819, ya ga wata farar karya mai tabo a kai a hannun mai tallar madara, ya saye ta. Trump ake ce mata, kuma daga kanta ya fara kiwon irin nasa. Farin gashi ya nema don kada maharbi ya rikita karen da yanyawa. Haka kuma bai so kare mai kisa ba, ya fi son wanda zai matsa wa dabbar da haushi har ta fito fili. Har yau masu kiwon wannan jinsi suna da gwajin da suke yi da hannu: sai mutum ya kama ƙirjin karen ta bayan ƙafafun gaba, babban yatsa da babban yatsa a gadon baya, sauran yatsu su zagaya ta ƙasa. In yatsun suka haɗu, karen zai iya shiga rami ya juyo. In ba su haɗu ba, ya yi girma.

Tsayinsa santimita 25 zuwa 30 ne, nauyinsa kilo biyar ko shida, amma ƙarfin da ke jikinsa ya fi ƙarfin ɗaki. Yana bukatar aƙalla awa guda ta gudu da wasa kullum. In ka kulle shi ya wuni ba aiki, zai nemi na kansa: ya tone gindin katanga, ya yayyaga tabarma, ya hana maƙwabta barci. Gidan da ke da kaji, tattabaru ko zomaye kuwa, a yi tunani sosai kafin a kawo shi, don horo yana rage wannan hali ne kawai, ba ya kankare shi.

Lada a nan ita ce lafiya. A 2022 masu bincike na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan sun duba bayanan karnuka fiye da 30,000 da suka mutu a Birtaniya. Jack Russell ne ya zo kan gaba a tsawon rai, shekara 12.7, Yorkshire na biye da shi da 12.5. Karen nan mai murtukakkiyar fuska da ake kira French Bulldog, wanda ake rububinsa saboda siffa, shekara huɗu da rabi kawai aka ƙiyasta masa. Ni a ganina wannan ya nuna abin da ke faruwa in an yi kiwo don aiki, da abin da ke faruwa in an yi shi don kallo. Ya kuma nuna cewa mai sayen teriya alkawarin shekara goma sha wani abu ne ya ɗauka.

Labarin Yorkshire ya bi wata hanya daban. Ma'aikatan masaƙun auduga da na ulu a arewacin Ingila ne suka samar da shi a tsakiyar ƙarni na 19, da yawansu 'yan ci-rani daga Sikotilan da suka zo da karnukansu na kamun ɓera. Wani kare mai suna Huddersfield Ben, da aka haifa a 1865, shi ake ɗauka uban jinsin. Da matan masu hali suka ga laushin gashinsa, sai aka yi ta ƙanƙanta shi har ma'aunin ya tsaya a kilo 3.2. Ƙanƙantar nan tana da farashi, kuma karen ne ke biya.

Bututun iskar maƙogwaronsa yakan yi laushi ya lotse, sai ka ji yana wani busasshen tari kamar kukan dinya, musamman in ya yi murna ko an ja shi da igiya. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa a bar ɗaura masa igiya a wuya, a sa masa ɗamarar da ke kama ƙirji da kafaɗu. Wasu 'yan kwikwiyon ana haifarsu da wata jijiya da ke kauce wa hanta, jini ya riƙa zagayawa ba tare da an tace shi ba. Alamarsa ita ce kwikwiyo ya ƙi girma, ya riƙa tangaɗi ko zuba ido wuri guda bayan ya ci abinci. Ƙananan kuma sukarin jininsu na saurin faɗuwa, don haka sau uku ko huɗu ake ba su abinci a rana, kaɗan-kaɗan. Ƙashin ƙafarsa siriri ne, faɗowa daga hannun yaro ta isa ta karya shi. Idan mai sayarwa ya yi maka tallar wanda ya ce ko ya girma ba zai wuce cikin kofin shayi ba, ka riƙe kuɗinka. Waɗannan su ne suka fi kowa shan wahala, kuma sayensu ne ke sa a ci gaba da haifo su.

Sauran dangin kuwa, West Highland fari ne tas, daga yammacin Sikotilan, kuma matsalarsa ta fata ce: ƙaiƙayi, lasar tafin ƙafa, ciwon kunne, wani lokaci har ƙarshen rayuwa ana magani. Cairn ɗan uwansa ne mai gashi buzu-buzu, shi ne karen da ya fito a fim ɗin The Wizard of Oz na 1939. Border, daga kan iyakar Ingila da Sikotilan, ya fi yawancinsu sanyin hali da zama lafiya da sauran karnuka, domin tare da garken karnukan farauta aka saba fita da shi. Masu kaushin gashin nan da hannu ake tsige musu mataccen gashi, kamar sau biyu a shekara.

Akwai cututtukan da suka game su. In ka ga karenka yana tafe sai ya ɗage ƙafar baya guda, ya yi tsalle biyu ko uku, ya harba ta, ya ci gaba da tafiya kamar ba komai, to ƙoƙon gwiwarsa ne ke gocewa daga mazauninsa yana komawa. Mai sauƙi ana zama da shi in an hana karen yin ƙiba, mai tsanani sai tiyata. Kwikwiyon da bai shekara ba in ya fara ɗingishi a ƙafar baya ba tare da ya ji rauni ba, a duba ƙugunsa, don akwai cutar da ke hana jini isa kan ƙashin cinya har ya lalace. Jack Russell kuma yana da gadon ciwon ido: 'yan zaren da ke riƙe da ɗan madubin cikin ido su tsinke, madubin ya goce, hawan jinin ido ya biyo baya. Yawanci tsakanin shekara uku da takwas yake zuwa. Ido ya yi ja, ya yi hazo, kare na ƙifta shi, wannan ba abin a bari sai gobe ba ne, cikin ɗan lokaci yake makanta. An gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, kuma ana iya gwada iyaye kafin a haɗa su.

Sai haƙora, waɗanda aka fi mantawa da su. Babban kare haƙori 42 gare shi, ƙaramin ma 42, duk a cushe cikin ɗan baki. Datti ya taru, dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, haƙora su fara zuba tun karen bai tsufa ba. Goge su a kai a kai da buroshi mai laushi shi ne maganin, amma ba da man goge baki na mutane ba.

Wanda zai ajiye irin wannan kare a ƙasarmu yana da ƙarin nauyi, don jinsin ƙasar sanyi ne. Kare ba ya fitar da zafi ta gumi yadda mutum ke yi, da haki yake sanyaya jikinsa. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40, a fita da shi da sassafe ko bayan rana ta faɗi, a tabbatar da inuwa da ruwa a kowane lokaci. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, in ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. Da tambayata za a yi, Jack Russell mai gajeren gashi ya fi dacewa da yanayinmu bisa masu gashi ninki biyu, kuma shi ne ke da aikin yi a gona ko wurin ajiyar hatsi. Kaska ma babbar abokiyar gaba ce, tana ɗauke da cututtukan da ke cinye jini. A riƙa duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Dasashin da ya koma fari alama ce ta a garzaya wurin likita.

Ragowar miyar gida ba abincinsa ba ce, domin albasa da tafarnuwa suna lalata ƙwayoyin jinin kare. Cakulan, inabi da zabibi guba ne a gare shi, haka goro da kofi, kuma jiki mai kilo uku ɗan kaɗan ya ishe shi. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Gidan da aka zuba maganin ɓera kuwa, a tuna cewa teriya ne zai fara tsintar ɓeran da ya ci gubar.

Wajen saye, kada ka karɓi kwikwiyon da bai kai mako takwas ba. Ka nemi ganin uwarsa da idonka, ka ga tafiyarta, fatarta da yadda take karɓar baƙo. Ka nemi katin riga-kafi mai sa hannun likita. Alluran farko ana fara su ne daga mako shida zuwa takwas, a maimaita har wajen mako 16, kuma su ne kariya daga cutar amai da gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri ga wanda ke kusa.

Allurar da ba a wasa da ita ita ce ta ciwon haukan kare, wadda ake yi a wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana cikin masu samar da ita a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙanƙantar kare ba ta rage haɗarin cizonsa. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a kai shi asibiti a ranar, don da zarar alamun cutar sun bayyana babu sauran magani.